Daga “Dole” Zuwa “Za A Iya”

Talata, 12 ga Satumba

Yau Walt ya kawo mana tsoho. Sai da ya tara ma'aikatan ƙungiyarmu ta Teburin Sulhu kaf a ɗakin taro, sannan ya shigo da shi riƙe da hannu kamar mai nuna amarya. Hushang Niknam, ɗan Iran, mai shagon wanki da guga a Falls Church. Shekara talatin a nan Amurka, amma Turancinsa har yanzu da sanda yake tafiya.

Jikarsa tana can Shiraz, Parisa, 'yar shekara shida. Tana da ciwon nan da fata ke saɓulewa ko riga ce ta goge ta. Akwai wani bandeji na musamman da ake naɗe irinsu da shi, kamfanin ya daina aikawa, don babu bankin da zai taɓa kuɗin Iran ko da tsinke. A takarda takunkumi bai hana magani ba. Tsoron tara ne ya hana.

Abin da muke bi a majalisa tun farkon shekara kenan: layi ɗaya cikin babbar dokar ƙarshen shekara, cewa DOLE ofishin takunkumi ya ba banki takardar kariya in cinikin na magani ne. Ni na rubuta layin, kuma ya yi kyau.

Tsohon ya zagaya da hoton yarinyar a wayarsa. Walt ya yi ta sharar hawaye, shi da ya kafa ƙungiyar nan tun zamanin zanga-zangar Vietnam kuma har yau bai gaji da kuka ba. Ni abin da ya zo mini shi ne hasken hoton bai yi ba. A ce uwar ta sake ɗauka kusa da taga, kuma a buɗe hannun.

Alhamis, 14 ga Satumba

Mai Guga, wato tsohon, ya aiko da alewar ƙasarsu mai za'afaran. Tana maƙale wa haƙori.

Laraba, 20 ga Satumba

Na wuni ina gyara tsohon don zaman da Sanata Tolland za ta kira. Labarinsa na minti ashirin ne, har da kakarsa da wata bishiyar lemo. Na yanke ya koma minti uku. Na ce kada ya zagi gwamnatinsu, kada ya zagi tamu, in ya kira sunan yarinyar ya tsaya ya ja numfashi ya kalli kyamara.

Ya ce, “Hanum Corinne, in kukan bai zo ba fa?” Hanum ɗin girmamawa ce ga mace a yarensu.

Na ce zai zo, ya tuna wanka. Da bakinsa ya gaya mini wankan yarinyar yakan ci rabin yini, tana ihu har maƙwabta sun saba.

Na ce a kawo masa shayi, ya ce a'a, ya gode. Na bar shi. Can na lura leɓɓansa sun bushe, sai Walt ya ja ni gefe wai ai sai an matsa musu, a'a ɗin farko ba a'a ba ce. Tsohon ya ji mu, ya yi dariya. Wai sunan abin taarof. A wurinsu ba a faɗin magana tsirara, sai an sa mata riga, kuma kowa ya san abin da ke ƙarƙashin rigar.

Na ce a Washington in ka ce ba ka so, wani ne zai shanye.

Alhamis, 28 ga Satumba

Ya yi kukan, a daidai wurin. Har Sanata ta cire tabarau.

Kafin yamma bidiyon ya karaɗe ko'ina. Muka saki mambobinmu a kan wayoyin majalisa, wani ofishin sai da ya kira ni yana roƙo in janye su, wai ba su iya amsa kowa. Wannan ne abin da nake so a aikin nan, ba zan ɓoye wa kaina ba. Shekara goma da suka wuce mu ne 'yan hagun da ake tura wa ɗan koyon aiki ya saurare mu a tsaye a bakin ƙofa. Yanzu in muka rage wa ɗan majalisa maki a jadawalinmu na shekara, da kansa yake kira. Ita kanta Tolland, da ba don matasanmu sun bi gida-gida cikin ƙanƙara ba, da ba ta tsallake zaɓen fidda gwani ba. Ta sani, na sani, kuma ta san na sani.

Sanatoci ashirin da shida sun sa hannu a layinmu. Daɗi nake ji, sosai.

Laraba, 11 ga Oktoba

Brady, shugaban ma'aikatan Sanata, ya kira ni shan kofi. Duk ranar da Brady ya biya kuɗin kofi, akwai magana.

Bai yi kwana-kwana ba. Zaɓe na tafe, abokin hamayyarta ya riga ya shirya talla cewa tana buɗe wa ayatollah aljihu. Ofishin takunkumi kuma sun ce ba wanda zai ɗaure musu hannu. Layin zai shiga doka, har da ƙuri'un ɗaya jam'iyyar, in aka taɓa kalma ɗaya. A cire “dole”, a sa “za a iya”.

Na ce, “Ai yanzu ma za su iya, Brady. Ba sa yi ne.”

Ya ce, “Haba Corinne, ni za ki koya wa karatu? Ku 'yan hagu kun fi son ku faɗi da tuta a hannu. Ga nasara an kawo miki har tebur, ki ɗauka ki buga a shafinku. Wa ke karanta shafi na ɗari tara na doka?”

Sannan, yana juya cokali, wai kwamitin harkokin waje zai buƙaci babbar mai ba da shawara a watan Janairu, kuma Sanata tana son mutum mai sanin ya kamata.

Na shanye kofin dai.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Shekara goma sha ɗaya ina bakin ƙofa da takarda a hannu. Wani ya zauna a ciki, me zai hana ni?

Alhamis, 19 ga Oktoba

An yi ta da Walt a gaban kwamitin amintattu. Ya buga tebur, wai wannan ba rabin burodi ba ne, hoton burodi ne. Wai ko dai “dole” ko mu janye sunanmu mu gaya wa duniya dalili.

Na bar shi ya gama. Sai na tambaye shi a hankali, a gaban kowa, doka nawa ya taɓa wucewa da ita a shekara hamsin. Na ce zanga-zanga nawa, wannan kam mun sani, hotunan suna nan a bango, gashinsa ma baƙi ne a ciki. Wani ya yi dariya, ya mayar da ita tari.

Na gaya musu gaskiyar da suke son ji. In muka juya wa Tolland baya, gobe ba wanda zai ɗauki wayarmu, kuma masu ba mu tallafi sun gaji da jin “mun kusa”. Da babu gara ba daɗi. Mu sa ƙafa a ƙofa bana, baɗi mu tura.

Mutum ɗaya ne ya bi bayan Walt. An kuma amince a ba shi muƙamin uban ƙungiya, wato kujera mai laushi da ba ta da ƙuri'a.

Da muka fito ya tare ni wajen lif. Na zaci zagi ne. Ya ce, “Ke za ki gaya wa Hushang, ba ni ba.”

To. Sai me?

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Na je shagon. Zafi, tururi, riguna rataye cikin leda suna zagayawa. Ya fito daga baya da gudu yana goge hannu, ya ja mini kujera, ya kawo shayi ba tare da tambaya ba. Wai ya gane ni ba sai an matsa mini ba.

Na buga masa layin biyu, tsoho da sabo, na ja layi a ƙarƙashin kalmar. Wallahi na yi niyyar yi masa bayani, har na shirya yadda zan ce. Ya sa tabarau, ya bi da yatsa, ya sake bi. Sai na ga fuskarsa ta washe.

Ya ce, “Kai, 'yata, ashe ku ma kuna da taarof! Ni da ma kalmar farko ta dame ni, kunya ce ta hana ni faɗa. Yaya za a ce wa babban ofishi dole? Babba ba a ce masa dole, sai ya ji haushi ya ƙi. Ana ce masa, in ka ga dama za ka iya. Shi kuma ya san ba shi da hanyar ƙi. Wa ya gyara? Ke ce ko?”

Na ce ni ce.

Ya ce, “Na sani. Mai tarbiyya ba ta ɓuya.”

Ban yi masa ƙarya ba. Ina so in rubuta wannan a fili: ko kalma ɗaya ta ƙarya ba ta fito daga bakina ba. Shi ya karanta, shi ya fassara, da ɗan Turancinsa na guga. In mutum ya shekara talatin a ƙasa bai koyi yadda masu ƙasar ke magana ba, laifin wa?

Ya cusa mini alewa a jaka. Na bar ta a jirgin ƙasa.

Talata, 14 ga Nuwamba

Uwar yarinyar ta aiko da sabon hoto, kusa da taga kamar yadda na ce. Hannun ya fi na da lalacewa, yatsun sun fara haɗewa. Mun sa shi a saƙon mambobi. Ba mu taɓa samun amsa irin ta yau ba.

Alhamis, 14 ga Disamba

Doka ta wuce. Mun yi liyafa a ofis. Brady ya leƙo na minti biyar, ya ɗaga kofi, ya ce Teburin Sulhu ya girma. Jarida ta kira mu “ƙungiyar da ba a tsallake ta yanzu a kan harkokin waje”. Na yanke wurin na ajiye.

Mai Guga ya zo da matarsa da manyan tukwane biyu na shinkafa, irin mai ƙanzo ja a ƙasa. Ya zaɓo mini ƙanzon mafi girma, wai a gidansu na babban baƙo ne. Ya sa kwat da ƙulla wuya. Ya kira Shiraz ta bidiyo, ya bi mu ɗaya-ɗaya da wayar, ya zo kaina ya tsaya. Yarinyar tana kwance naɗe da farin ƙyalle irin na kasuwa, idanu kawai. An koya mata ta ce na gode da Turanci. Ta faɗa sau biyu, don na farkon bai fito ba.

Na ɗaga mata hannu. Me ake so in yi?

Walt bai ci komai ba. Ya zauna a kusurwa da farantin takarda a cinya yana kallona. Ya yi ta kallo, ido ba ya kisa.

Talata, 23 ga Janairu

Sati na biyu a kwamitin harkokin waje. Ina da taga, ina da kati mai buɗe ƙofofin da a da nake jira a bayansu. Ɗazu 'yan wata ƙungiya suka zo da takardarsu, na tura musu ɗan koyon aiki. Daga nesa na hango su a tsaye, sun yi kama da mabarata masu digiri.

Tsohon ya kira sau da yawa. Ban ɗauka ba. Ba aikina ba ne yanzu.

Alhamis, 1 ga Fabrairu

Ya zo da ƙafarsa. Ban san yadda ya gano ɗakin ba. Ina fitowa da Brady za mu shiga zama, sai ga shi a kan benci, da kwat ɗin nan na liyafa, hula a hannu.

Brady ya ce a kunnena, “Kakanki ya zo biko,” ya wuce.

Tsohon ya miƙe yana ba ni haƙuri a kan ya dame ni. Wai ya je bankuna uku da dokar a hannu. Na ƙarshen wani yaro ne mai kirki, ya kira ofishin takunkumi a gabansa, aka ce ba su da shirin ba da irin wannan takarda. Yaron ya nuna masa kalmar, ya ce dokar ta ba su dama ne, ba ta tilasta musu ba.

“Na ce masa bai gane ba ne, yaro ne. Hanum Corinne, ki kira su ki yi musu bayani. Parisa tana asibiti, ciwon ya shiga jini. Ƙyallen da suke sa mata yana manne wa nama, in za a cire sai...”

Mutane na wucewa suna kallo, ga 'yar jarida can tana danna waya. Raina ya ɓaci. Na ce, “Mista Niknam, yaron ya gane sarai. A nan, za a iya, za a iya ne kawai. Ba riga ba ce, babu komai a ƙarƙashinta.”

Ya kalle ni ya daɗe. Ya ce, “Ranar da kika zo shago, kin san haka?”

Na ce kowa ya sani.

“Walt ma?”

Na ce Walt ma. Ban ce masa Walt ya yi faɗa a kai ba, bai tambaya ba.

Na jira ya ɗaga murya, da na fi son haka, da sai in kira masu tsaro a wuce wurin. Sai ya sa hularsa, ya dafa ƙirji, ya ɗan rusuna. Ya ce, “Kin sha wahala da mu. Allah ya kiyaye hannunki daga ciwo.” Ya juya ya bi hanyar da ba ta fita ba, sai da wani ya nuna masa.

Na makara a zaman. Haushi nake ji har yanzu, ban san na wa ba.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Saƙo daga Walt, layi ɗaya. Parisa ta rasu jiya.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Wadda ta gaje ni a ƙungiya ta kira, wai Walt ya ce a sauke bidiyon nasara daga shafi, hoton yarinyar na ciki. Na ce kada ta kuskura. A sa baƙin zare a kusurwa, a rubuta cewa mun ci rabin yaƙi, Parisa ba ta ga ƙarshensa ba, a taimaka mana mu ƙarasa. Baɗi sai su nemi a mayar da “dole”, ga aikin shekara guda an ba su kyauta.

Ta ce, “In mun kawo, za ku karɓa?”

Na ce ta kawo mu gani.

Walt ya ajiye muƙaminsa. Ba a yi masa liyafa ba.

Laraba, 28 ga Fabrairu

Ana tsara wata doka kan bama-baman da ake sayar wa ƙasashen waje. Wani sashe ya ce dole a kawo wa majalisa rahoto in an kashe farar hula. Brady bai ce mini komai ba, bai ma gani ba tukuna. Hannuna ne ya je ya gyara da kansa. Da ya karanta ya ce, “Shi ya sa nake son ki, ba a gaya miki sau biyu.”

Na kai kwat ɗina wanki wani shago a Arlington. Sun ƙona mini aljihu.

Talata, 12 ga Maris

Na ɗauki wayar ne bisa kuskure, na zaci ofishin Sanata ne.

Tsohon ne. Gaisuwar ba ta ragu ba, sai da ya tambayi lafiyata da ta mahaifiyata da sabon aiki. Na yi masa ta'aziyya irin wadda ake yi. Ya ce Talata mai zuwa za su yi addu'ar arba'in a wani zaure a Manassas, da yamma. Ba wani taro ba ne, dangi ne da 'yan shago. Uwar yarinyar za ta kasance ta bidiyo, ta ce tana so ta ga matar da ta gyara kalmar.

Na ce ranar akwai zaman kwamiti har dare.

Ya ce, “Ai na sani, 'yata, manya ba su da lokaci. Ba dole ba ne. In kin ga dama, za ki iya zuwa.”

Ya yi sallama mai tsawo ya ajiye.

Tsohon banza. Da gangan ya yi.

Talata, 19 ga Maris

Bai ce dole ba. Da kunnena na ji, cewa ya yi zan iya. A garin nan kowa ya san ma'anar wannan, ni ce ma na koya masa.

Zaman ya tashi da wuri, ba ni na tashe shi ba. Baƙin mayafin nan da na yafa kuwa don ana sanyi na saya, kuma shi kaɗai ne a shagon da na shiga. Hanyar Manassas cunkoso, na tsani hanyar nan.

Ina cikin mota a gaban zauren nake rubuta wannan. Motar Walt na can gefe. Ƙamshin shinkafar nan yana fitowa har nan. Ɗazu tsohon ya leƙo bakin ƙofa, ya hango ni. Bai yafito ni ba. Ya dai sa kujera ya tokare ƙofar don kada ta rufe, ya koma ciki.

Injin a kunne yake. Zan iya tafiya.

Na kashe shi tun ɗazu, ashe.